Shekara 88 ana ja-in-ja: Yadda 'yan ɗarikar Kweka suka raba kansu da mallakar bayi

A watan Satumban 1738, ana tsakiyar babban taron shekara na mabiya ɗarikar Kweka a garin Burlington da ke New Jersey, a ƙasar da daga baya ta zama Amurka, sai wani gajeren mutum mai ƙusumbi ya miƙe tsaye. Sunansa Benjamin Lay, tsayinsa bai fi ƙafa huɗu da 'yan kai ba.

Ya yaye babbar rigar da ya lulluɓa da ita, sai ga kayan soja a jikinsa har da takobi. Wannan kaɗai ya isa ya ruɗa zauren, domin 'yan ɗarikar sun haramta wa kansu yaƙi da riƙe makami. Ya ɗaga wani littafi mai kama da Baibul, ya ce wa jama'a a wurin Ubangiji mallakar bawa daidai take da soke shi a zuciya, sannan ya caka wa littafin takobin. Jan ruwa kamar jini ya fantsama a jikin waɗanda ke kusa da shi. Ashe ya rarake cikin littafin ne, ya ɓoye mafitsarar dabba cike da ruwan wasu jajayen 'ya'yan itace.

Aka ɗauke shi cak aka fitar da shi waje. Da yawa daga cikin manyan da suka shaida abin suna da bayi a gidajensu da gonakinsu.

A yau da wuya a ba da tarihin hana cinikin bayi ba a yaba wa 'yan Kweka ba, kuma sun cancanci yabon. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daɗewar da suka yi kafin su wanke nasu hannun. Tsakanin ranar da aka fara kai ƙorafi a rubuce, a 1688, da ranar da babban taronsu na Filadelfiya ya ce mai bawa ba ya cikinsu, a 1776, shekara 88 ce cif.

Ibada ba fasto, hukunci ba ƙuri'a

Ɗarikar ta samo asali ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, lokacin yaƙin basasa. Wanda aka fi dangantawa da kafa ta shi ne George Fox, ɗan wani masaƙi da aka haifa a 1624. Yana da shekara 19 ya bar gida yana yawo daga wannan malamin coci zuwa wancan, yana neman wanda zai warkar masa da damuwar da ke ransa. Bai samu ba. Daga ƙarshe ya tsaya a kan cewa Allah yana iya shiryar da kowane mutum kai tsaye ta cikin zuciyarsa, ba sai ta bakin wani fasto ba. Wannan shiriya ita suke kira hasken ciki.

Su da kansu suna kiran juna Abokai ne. Sunan Kweka, wato masu makyarkyata, wani alƙali ne ya laƙaba musu a garin Derby a 1650, bayan Fox ya ce masa ya yi rawar jiki a gaban maganar Ubangiji. Sunan ba'a ne, amma ya bi su.

Ibadarsu ta asali ba ta da waƙa, ba ta da huɗuba. Jama'a za su taru a ɗaki mara ado, su zauna a kan benci su yi tsit, wani lokaci fiye da awa guda. Wanda ya ji an ɗora masa magana, namiji ne ko mace, sai ya tashi ya faɗa ya zauna. Ba sa rantsuwa a kotu, domin a ganinsu mai rantsuwa yana nuna cewa sauran maganganunsa ba lallai gaskiya ba ne. Ba sa cire wa mai mulki hula. A kan waɗannan abubuwa dubbansu suka sha ɗauri a Ingila, kuma a Boston aka rataye wata mata mai suna Mary Dyer a 1660.

Amma abin da ya fi shafar wannan labari shi ne yadda suke yanke hukunci. Ba sa kaɗa ƙuri'a. Kowace jama'a tana da taron wata-wata, a samansa akwai na wata uku-uku, sannan babban taron shekara. Idan magana ta taso, za a yi ta saurare ana yin shiru a tsakani, har magatakardan taron ya ga zukata sun haɗu a wuri ɗaya, sannan ya rubuta. Idan ba su haɗu ba, a ajiye maganar sai wani jiƙon. Hikimar ita ce, masu rinjaye ma suna iya ɓata, kuma gaskiya tana iya fitowa daga bakin mutum ɗaya. Matsalar kuwa a fili take: idan masu faɗa a ji suna cin moriyar wani zalunci, shirunsu kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Takardar da aka ajiye

William Penn, wani attajiri ɗan ɗarikar, ya samu izinin kafa yankin Pennsylvania daga Sarkin Ingila a 1681, domin ya zama mafakar waɗanda ake tsangwama saboda addini. Shekara uku kacal bayan haka, a 1684, wani jirgin ruwa mai suna Isabella ya sauke 'yan Afirka kimanin 150 a Filadelfiya, mazauna garin suka saye su. Penn kansa yana da bayi. Wata masaniyar tarihi, Jean Soderlund, ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na shugabannin babban taron a shekarun farko masu bayi ne.

A 1688 wasu mutum huɗu daga Germantown, baƙin haure daga yankin Jamus da Holan, cikinsu har da Francis Daniel Pastorius, suka rubuta takardar ƙorafi. Hujjarsu ba ta da sarƙaƙiya. An umarci mutum ya yi wa wani abin da yake so a yi masa, to wa zai so a sayar da shi, a raba shi da matarsa da 'ya'yansa?

Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya miƙa ta sama. Na wata uku shi ma ya miƙa. Babban taron shekara ya ce bai dace ya yanke hukunci a kai ba, saboda ta shafi ɓangarori da yawa. Aka ajiye takardar a cikin kundi, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a 1844.

Cikin irin wannan yanayi Benjamin Lay ya iso Filadelfiya a 1732. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne daga Essex ta Ingila, kuma ya zauna a tsibirin Barbados shi da matarsa Sarah, inda ya ga yadda ake azabtar da bayi a gonakin rake. Bai iya lallashi ba. Ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan taro da ƙafa ɗaya tsirara a cikin dusar ƙanƙara, da mutane suka tausaya masa sai ya tuna musu bayinsu da ke aiki cikin sanyin nan da tsumma. Ya daina cin nama, ya daina amfani da duk abin da gumin bawa ya samar, yana saƙa tufafinsa da kansa, yana zaune a wani kogo kusa da Abington. Benjamin Franklin ne ya buga masa littafinsa da ke kiran masu bayi 'yan ridda. Jama'arsa suka yanke shi daga cikinsu, suka kuma sanar a jarida cewa ba ruwansu da littafin. Duk da haka bai daina zuwa ibada ba.

Telan Mount Holly

A lokacin da Lay ya fasa mafitsarar nan, John Woolman yana ɗan shekara 17, a wata gona da ba ta da nisa da Burlington. Halinsa ya sha bamban da na Lay, kuma an san abin da ke cikin zuciyarsa ne saboda ya bar littafin tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1774.

Mutum ne mai yawan tuhumar kansa. Ya ba da labarin yadda yana yaro ya jefi wata tsuntsuwa da dutse ya kashe ta, sannan ya tuna 'ya'yanta za su mutu da yunwa a sheƙa, ya hau bishiyar ya kashe su, abin ya yi ta cin ransa. Da ya fara magana a wurin ibada, wata rana ya ji ya faɗi fiye da abin da aka ɗora masa. Ba wanda ya tsawata masa, amma ya yi makonni cikin baƙin ciki kafin ya sake buɗe baki.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana aikin akawu a wani kanti a Mount Holly, sai maigidansa ya sayar da wata baiwa baƙar fata, ya ce masa ya rubuta takardar cinikin. Mai sayen dattijo ne ɗan ɗarikarsu, yana tsaye yana jira. Woolman ya rubuta. Amma kafin su watse ya gaya musu cewa shi a ganinsa riƙe bayi bai dace da addinin Kirista ba. Faɗin ya ɗan rage masa nauyi, sai dai daga baya ya yarda cewa da ya ƙi rubutawa tun farko da ya fi.

Daga nan bai sake ba. Da wani matashi ya zo masa da irin wannan buƙata, ya ba shi haƙuri cikin ladabi. Matashin ya amsa cewa shi ma abin bai kwanta masa ba, kyauta ce aka yi wa matarsa.

Woolman ya koyi ɗinki ya zama tela, yana kuma rubuta wa mutane wasiyya. A nan ne salonsa ya fito sosai. Idan mai dukiya ya zo zai raba gado har da bayi, sai ya rubuta komai ya bar wannan sashe, ya yi masa bayanin dalili ba tare da zagi ko gori ba, ya ce yana iya kai wa wani ya ƙarasa. Wani maƙwabcinsa da ya ji mummunan rauni ya roƙe shi a gadon jinya ya rubuta masa wasiyya, da suka tattauna sai ya yarda a 'yanta yarinyar da ya so bar wa magada. Wani dattijo kuma ya tafi da wasiyyarsa wurin wani, bayan shekaru ya dawo ya ce a rubuta sabuwa, an 'yanta bayin.

A 1746 ya yi tafiyar wa'azi ta wata uku zuwa Maryland da Virginia da North Carolina, ya ga bauta a inda ta yi katutu. Ya dawo ya rubuta ƙasida a kai, amma bai fitar da ita ba sai 1754, bayan kwamitin ɗarikar mai duba littattafai ya amince. Shekara takwas ke nan. Lay bai taɓa neman irin wannan izini ba, shi ya sa aka yi watsi da nasa littafin, na Woolman kuwa ɗarikar da kanta ta rarraba shi.

Da ya koma kudu a 1757, wata damuwa ta taso masa. Mai wa'azi baƙo ne, a gidajen 'yan'uwa yake sauka, kuma bayi ne ke dafa abincin, su ne ke kula da dokinsa. Cin wannan karamci kyauta, a ganinsa, tarayya ne a cikin zaluncin. Sai ya tanadi ƙananan kuɗin azurfa. Idan zai tashi, ya keɓe maigidan ya roƙe shi ya raba wa bayin, wani lokaci kuma ya ba su da hannunsa. Duk wanda ya san darajar baƙunta ya san irin nauyin da ke cikin baƙo ya ciro kuɗi a gidan mai masaukinsa. Shi ma ya ce abin ya yi masa wuya ƙwarai, amma kaɗan ne suka nuna ɓacin rai.

Yaƙi ya buɗe kunnuwa

Ba wa'azi kaɗai ya sauya lissafi ba. A tsakiyar shekarun 1750 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa a Arewacin Amurka, ya ci ƙauyukan bakin iyakar Pennsylvania. 'Yan Kweka da ke riƙe da majalisar yankin suka tsinci kansu suna amincewa da harajin yaƙi, abin da aƙidarsu ta hana. A 1756 wasu daga cikinsu suka ajiye kujerunsu. Woolman da wasu suka ƙi biyan harajin. Da yawa suka ɗauki bala'in a matsayin jan kunne daga Allah kan yadda dukiya da mulki suka shagaltar da jama'ar. A wannan shekarar ce ma Woolman ya rufe kantinsa saboda cinikin yana bunƙasa fiye da yadda yake so, ya tsaya a kan ɗinki da lambunsa.

A babban taron 1758 maganar bayi ta sake tasowa. Ba wanda ya fito ƙarara ya kare bauta, amma wasu suka ce a yi haƙuri, lokaci zai kawo mafita. Woolman ya tashi ya ce kukan waɗanda ake zalunta ya riga ya kai ga Ubangiji, kuma jira don kare abin duniya ko zumunci ba zai zama uzuri ba. A wannan karon zukata suka haɗu. Aka yanke cewa duk wanda ya saya ko ya sayar da bawa za a hana shi sa baki a harkokin jama'a, aka kuma naɗa kwamiti, har da Woolman, ya bi masu bayi gida-gida.

Da labarin ya kai wa Lay a kogonsa, yana tsoho mara lafiya, ya yi godiya ga Allah ya ce yanzu zai mutu da kwanciyar rai. Ya rasu a watan Fabrairun 1759. Sai a 2017 jama'ar Abington, wadda ta kore shi, ta fito ta amince cewa shi ne yake kan gaskiya.

Masana sun daɗe suna muhawara kan wanda ya fi tasiri tsakanin mutanen biyu, kuma galibi Woolman ake ba. Amma da wuya a ce taushinsa zai samu shiga da Lay bai shafe shekara ashirin yana hana manya barci ba. Akwai kuma abin da yabon haƙurin Woolman ke rufewa. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, to amma a nan ba masu tafiyar ne suka biya kuɗin daɗewar ba. Yaron da aka sauke daga Isabella a 1684 ya tsufa ya mutu a hannun masu shi, 'yan'uwa suna jiran zukatansu su haɗu.

Farar hula

Ziyarar gida-gida ta ɗauki shekaru. Mutum biyu ko uku za su je, a zauna a yi shiru tare da maigidan, sannan a yi magana. Wani ya karɓe su da hawaye, wani da fushi. Idan bai sauko ba, a sake dawowa.

Shi kuwa Woolman tuhumar kansa ƙaruwa ta yi. Bayan wata rashin lafiya a 1761 ya daina sa tufafin da aka rina, domin bayi ne ke noman baba da sarrafa shi, kuma yana ganin rini ɓoye datti yake yi. Ya sa aka yi masa hula mara rini. Sai aka yi rashin sa'a farar hula ce 'yan gayu ke yayi a lokacin, wasu 'yan'uwa suka ɗauka neman suna yake, har ya ji bakinsa ya yi nauyi a wurin ibada na wani lokaci. Ya bar sukari, ya bar cin abinci da kayan azurfa.

Sannan ya tuno wani tsohon laifi. A matsayinsa na wasiyyi, shi da wani sun taɓa sayar da aikin wani yaro baƙar fata har ya kai shekara 30, alhali 'ya'yan Turawa a shekara 21 ake sallamarsu. Shekara tara ke nan aka ci masa. Woolman ya ɗauki rabin laifin a kansa, ya rubuta alkawarin biyan kuɗin shekara huɗu da rabi daga aljihunsa.

A 1772 ya tafi Ingila. Ya ƙi shiga ɗakin alfarma na jirgin, ya kwana a ƙasa cikin ma'aikata. Ana ba da labarin cewa da ya shiga babban taron Landan da fararen kayansa, attajiran 'yan'uwa suka yi masa kallon wani bauɗaɗɗe, har wani ya ba shi shawarar ya koma gida. Ya zauna yana hawaye, sannan ya ce ba zai yi wa'azi ba sai da yardarsu, amma zai zauna ya ci da kansa da sana'arsa har su amince. Bayan sun ji maganarsa suka janye. Ya nufi arewa a ƙafa, domin ya ji yadda ake wahalar da dawakai da yaran da ke aikin kekunan doki. A York cutar agana ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Oktoban 1772, yana da shekara 51.

Bayan shekara huɗu, a 1776, babban taron Filadelfiya ya yanke cewa wanda ya ƙi 'yanta bayinsa za a cire shi daga ɗarikar. A lokacin yawancinsu sun riga sun 'yanta, kuma hukuncin ya zauna daram, ba a sake komawa baya ba. Wasu, irin su Warner Mifflin na Delaware, har ladan shekarun da aka yi musu aiki suka biya. A Ingila kuma, cikin mutum 12 da suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a 1787, tara 'yan Kweka ne. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a 1807.

Bencin baya

'Yanta bawa daban, zama da shi a sahu ɗaya daban. Sai a 1796 babban taron Filadelfiya ya amince a fili cewa launin fata ba zai hana a karɓi mutum cikin ɗarikar ba. Ko bayan haka baƙaƙen da suka shiga ba su da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paul Cuffe, mai jiragen ruwa wanda aka kamo mahaifinsa daga yankin da yanzu yake Ghana, kuma shi ne ya kwaso baƙaƙen Amurka 38 zuwa Saliyo a 1815. A shekarun 1830 wata malamar makaranta, Sarah Mapps Douglass, tana kokawa cewa ita da mahaifiyarta a wani benci na baya ake zaunar da su a gidan taron Filadelfiya, ana hana Turawa zama kusa da su.

A yau 'yan Kweka a duk duniya ba su kai rabin miliyan ba, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda wasu Amurkawa uku suka kafa mishan a Kaimosi a 1902. Yawancin majami'unsu a can suna da fastoci, kuma da waƙa ake ibada.